BABI NA UKU: AIKIN KATALIS WAJEN RAGE GURƁATAR ISKA DA SAMAR DA TSAFTATACCEN MAI A GUSAU DA TSAFE DA BUNGUƊU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasa da sana'o'in mutanen ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu. A wannan babi kuma za a yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da katalis, da yadda yake gudanar da aikinsa, sannan a dubi wurare biyu da aikin nasa ya shafi rayuwar mutanen wannan yanki kai tsaye. Wuri na farko shi ne tukunyar da ake liƙawa a jikin salansar mota domin tace hayaƙi. Na biyu shi ne sarrafa man tsirrai ya koma man da injin dizal zai iya sha. An zaɓi waɗannan biyu ne domin na farko yana nan a cikin garuruwan amma ana ta asararsa, na biyu kuwa bai kafu ba tukuna alhali akwai kayan yinsa a gonakin yankin.

3.1 Ma'anar Katalis

Katalis shi ne duk wani abu da ake sanyawa a tsakanin sinadarai domin ya hanzarta haɗuwarsu ko rabuwarsu, ba tare da shi kansa ya ƙare a cikin aikin ba. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Jakob Berzelius shi ne ya raɗa wa wannan aiki suna a shekarar 1835. Daga baya wani Bajamushe, Wilhelm Ostwald, ya fayyace cewa abin da katalis yake canzawa shi ne saurin aiki kawai, kuma binciken da ya yi a kan haka yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1909.

Idan ana son a fahimci wannan ma'ana cikin sauƙi, sai a dubi aikin dillali a kasuwar dabbobi. Mai saye yana nan, mai sayarwa yana nan, kuma ko babu dillali za su iya daidaitawa, sai dai abin zai ɗauki lokaci. Dillali shi ke haɗa su, ciniki ya faɗa, ya wuce ga wasu, kuma a ƙarshen cin kasuwa bai sayi sa ba, bai sayar da nasa ba. Bambancin kawai shi ne dillali yana karɓar la'ada, katalis kuwa ba ya karɓar komai. Wannan ne dalilin da ya sa ɗan kaɗan daga cikinsa yake isa a sarrafa kaya masu yawa na tsawon shekaru.

Dangane da yadda yake hanzarta aiki kuwa, masana sun nuna cewa kafin sinadarai biyu su haɗu, dole ne su sami wani adadi na ƙarfi, wanda galibi daga zafi yake fitowa. Ana iya kwatanta wannan da mutumin da yake son zuwa bayan dutsen Kwatarkwashi. Idan ya ce sai ya hau ta bisa, mai ƙarfi ne kawai zai kai. Idan aka nuna masa hanyar da ta kewaye gindin dutsen, har tsoho da yaro za su isa. Katalis shi ne mai buɗe wannan hanya ta kewaye, wato yana sa aikin da ke bukatar zafi mai tsanani ya yiwu da zafi kaɗan.

Bahaushe ya daɗe yana cin moriyar wannan aiki ko da bai ba shi suna ba. Tsiron hatsi da ake zubawa a kunu ya tsinke ya yi zaƙi yana ɗauke da wani katalis na halitta mai mayar da gasara sukari. Haka kuma takin yuriya da manoman Tsafe da Bunguɗu suke zuba wa masara da dawa, asalinsa daga amoniya ne, ita kuma ana samun ta ne ta hanyar haɗa iskar naitirojin da haidirojin a kan katalis na ƙarfe, bisa hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch ya kafa mata masana'anta a Jamus a 1913.

3.2 Tushen Gurɓatar Iska a Yankin

Garuruwan nan uku suna kan babbar hanya guda da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta nufi Sakkwato. Matafiyi yana fara isa Tsafe, sannan Gusau, sannan Bunguɗu. Saboda haka tireloli da tankokin mai da motocin haya suna ratsa tsakiyarsu dare da rana. Bugu da ƙari, tun da Gusau ta zama hedikwatar jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, yawan jama'a da ababen hawa ya ƙaru, musamman 'yan kabu-kabu da masu keke napep. Ƙarancin wutar lantarki kuma ya sa shaguna da gidaje da masu walda da masu injin niƙa sun dogara ga janareto.

Man fetur da man dizal haɗin kabon ne da haidirojin. Da a ce suna ƙonewa sarai a cikin inji, da ruwa da iskar kabon-dayoksaid kawai za su fito. To amma ƙonewar ba ta cika, don haka abubuwa uku masu cutarwa suke biyo hayaƙi:

(a) Kabon-monoksaid: iska ce marar launi marar wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kama shi har ninki 200 da ɗoriya, shi ya sa take sa ciwon kai da jiri, kuma ita ce take kashe mutanen da suka kwana da janareto a cikin ɗaki ko zaure.

(b) Ragowar man da bai ƙone ba: shi ne warin fetur da ake ji a bayan tsohuwar mota. A cikinsa akwai benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini.

(c) Haɗin naitirojin da oksijin: zafin cikin inji ne yake haɗa waɗannan iskoki biyu. Wannan haɗi yana ƙona maƙogwaro da huhu, yana kuma tayar da asma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutane kimanin miliyan 4.2 a duniya a shekarar 2019. Abin lura game da wannan yanki shi ne, a lokacin hunturu ƙura da hazo suna haɗuwa da hayaƙi, kuma da asuba da almuru iska mai sanyi takan danne shi kusa da ƙasa. Waɗanda suka fi shaƙarsa su ne waɗanda abincinsu yake bakin titi, kamar 'yan kabu-kabu da 'yan talla da masu faci da masu shayi da 'yan kamasho a tasha.

3.3 Tukunyar Katalis ta Jikin Salansa

Wani injiniya Bafaranshe da ya zauna a Amurka, Eugene Houdry, shi ne ya fara ƙera tukunyar tace hayaƙin mota a shekarun 1950. Ba ta karɓu ba sai bayan da Amurka ta kafa dokar tsaftar iska a 1970, wadda ta sa yawancin sababbin motocin ƙasar suka fara fitowa da ita daga 1975. Irin wadda ake amfani da ita yanzu, mai magance gubobin nan uku a lokaci guda, ta yaɗu ne daga 1981. Kusan duk motar fetur da aka shigo da ita Nijeriya daga Turai ko Amurka ta hanyar Kwatano ko Legas, da wannan tukunya aka ƙera ta.

Idan aka fasa tukunyar za a tarar da wani dunƙulen yumɓu mai ƙananan ramuka dubbai, kamar saƙar zuma. An shafe cikin ramukan da wani gari mai kaushi, a kansa kuma an barbaɗa ƙarafa uku masu daraja, wato filatinom da faladiyom da rodiyom. Dukkansu giram kaɗan ne, amma da yake an baza su a kan fili mai faɗi, duk hayaƙin da ya ratsa sai ya taɓa su. Rodiyom yana raba naitirojin da oksijin, naitirojin ya koma iska kamar yadda yake tun asali. Filatinom da faladiyom kuma suna haɗa oksijin da kabon-monoksaid da ragowar mai, su koma kabon-dayoksaid da ruwa. Tukunya mai lafiya tana iya kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobi uku.

Akwai sharuɗɗa biyu kafin ta yi wannan aiki. Na farko, sai ta yi zafi kamar digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin santigireti, saboda haka a 'yan mintocin farko bayan tayar da mota ba ta tace komai sosai. Na biyu, sai iska da fetur sun shiga inji bisa ma'auni, wato kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram guda na fetur. Akwai wata na'ura a jikin salansa mai auna oksijin tana sanar da kwamfutar mota domin ta daidaita wannan ma'auni. Idan iska ta yi yawa, rodiyom ba zai iya aikinsa ba. Idan fetur ya yi yawa, sauran biyun za su rasa oksijin da za su yi aiki da shi. Wannan ne ya sa injin mai kafireto, irin na yawancin baburan da ke yankin, ba ya jituwa da wannan tukunya. Ya kamata kuma a lura cewa tukunyar ba ta rage kabon-dayoksaid, wanda shi ne babban mai jawo ɗumamar yanayi. Aikinta ya tsaya ga kare lafiyar masu shaƙar hayaƙi.

3.3.1 Abubuwan da Ke Kashe Katalis

An faɗa a baya cewa katalis ba ya ƙarewa, amma yana iya mutuwa idan wani abu ya liƙe a kansa ya hana hayaƙi taɓa shi. Babban mai yin haka shi ne dalma. Tun daga 1923 aka fara zuba wani haɗin dalma a cikin fetur domin hana inji ƙwanƙwasa, kuma cika tanki kaɗan da irin wannan fetur ya isa ya kashe tukunya har abada. Wannan ne ya tilasta wa ƙasashe daina amfani da shi. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun yi alkawarin dainawa a taron Dakar na 2001, suka cika a farkon 2006. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021.

Mutanen Zamfara sun san sharrin dalma fiye da kowa. A shekarar 2010 an gano cewa yara fiye da 400 sun rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, sakamakon gubar dalma. Tushen wannan guba shi ne duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje, ba ta da alaƙa da fetur. An kawo ta a nan ne domin a nuna cewa ƙarfen da yake kashe katalis shi ne dai yake lalata ƙwaƙwalwar yara, don haka cire shi daga fetur ya amfani jama'a ta fuska biyu.

Abu na biyu shi ne farar wuta da ke cikin mai. Wani rahoto da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna cewa man dizal da ake sayar wa ƙasashen Afirka ta Yamma yana ɗauke da farar wuta ninki ɗaruruwa a kan abin da Turai ta yarda da shi, wato kashi 10 cikin miliyan. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da kashi 50 cikin miliyan a matsayin iyaka. Ita kanta cire farar wuta daga mai aikin katalis ne, domin a matata ana ratsa man tare da haidirojin ta kan katalis na kobal da molibdinom. Haka nan matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, da matatar Ɗangote ta Lekki wadda ta fara fitar da dizal da fetur a 2024, duka an gina su da sashen fasa mai nauyi ya koma fetur ta hanyar katalis.

Abu na uku ya shafi kulawa da mota. Injin da yake shan baƙin mai yana tura sinadaran da ke cikin man zuwa tukunya su liƙe ta. Fulogin da ya mutu kuma yana barin ɗanyen fetur ya isa tukunya ya kama da wuta a ciki, yumɓun ya narke ya toshe. Fetur da aka gauraya da kananzir, irin wanda akan samu a hannun wasu 'yan bumburutu, shi ma yana yin irin wannan ɓarna.

3.3.2 Cire Tukunya da Sayar da Ita

Kanikawa da 'yan gwangwan a Nijeriya suna kiran abin da ke cikin tukunyar da suna indomi, saboda kamannin da ya yi da dunƙulen taliyar. Ciniki ne da ya kafu a garejoji da kasuwannin kayan gyara, domin ana tara shi a fitar da shi waje a narke a cire ƙarafan. Yawancin filatinom da rodiyom na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, Rasha kuma tana kan gaba a faladiyom. Da yake ba su da yawa, farashinsu yakan yi tashin gwauron zabo. A watan Maris na 2021 oza guda ta rodiyom ta haura dala 25,000, wato ta ninka zinariya fiye da sau goma.

Ta hanyoyi uku mota take rasa tukunyarta. Wata tun kafin ta iso hannun mai saye an riga an ƙwaƙule ta an mayar da gwangwanin da walda. Wata a gareji ake cirewa ba da sanin mai ita ba. Wata kuma mai motar ne da kansa yake amincewa, bayan an gaya masa cewa tukunyar ce take riƙe motar take sa ta shan mai. Wannan magana tana da gaskiya a wuri guda, wato idan tukunyar ta riga ta toshe. To amma toshewar alama ce ta wata cuta da ke cikin inji, kuma cire tukunya bai magance ta ba. A motocin da ke da kwamfuta, cirewar takan sa fitilar gargaɗin inji ta kama ta ƙi mutuwa, ta yadda in wata matsala ta taso daga baya direba ba zai gane ba.

Babban abin damuwa shi ne mai mota da makaniki su ne suke raba kuɗin, amma wanda yake biyan bashin shi ne mai tallan ƙosai a bakin tasha. Nijeriya tana da hukumar NESREA da aka kafa a 2007, kuma a 2011 an fitar da ƙa'idojin taƙaita hayaƙin motocin fetur da dizal. Sai dai ba koyaushe ake iya gane motar da ta rasa tukunya da ido ko da hanci ba, domin kabon-monoksaid ba ya ganuwa. Dole sai da na'urar auna hayaƙi a lokacin sabunta takardun mota.

3.4 Katalis da Man Dizal na Tsirrai

Gusau ta bunƙasa ne a kan auduga da gyaɗa, musamman bayan layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920. A kan waɗannan amfanin gona ne aka kafa injin gurzar auduga da masaƙa da kamfanin tatsar mai a garin. Dangantakar man tsirrai da injin dizal ma tsohuwa ce, domin a bikin baje koli na birnin Faris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa.

Matsalar ita ce man tsirrai ya fi dizal kauri kamar sau goma, saboda haka ba ya feshuwa da kyau, kuma yana barin dauɗa a cikin inji. Ana magance wannan ne da katalis. Ana haɗa man da sinadarin metanol, a zuba soda mai ƙuna kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin man, a ɗumama zuwa digiri 60 ana motsawa na kamar awa guda. Idan aka bar shi ya kwanta, sai ya rabu gida biyu, man dizal a sama, gilisarin a ƙasa. Kilo 100 na mai da kimanin kilo 10 na metanol suna ba da kusan kilo 100 na dizal da kilo 10 na gilisarin. Wannan mai kusan ba shi da farar wuta, kuma baƙin hayaƙinsa bai kai na dizal ba, ko da yake yakan ɗan ƙara haɗin naitirojin da oksijin.

A nan ya kamata a bambanta wannan aiki da dafa sabulun salo. Mai sabulu ita ma tana haɗa mai da ruwan toka, amma a wurinta ruwan tokar yana shiga cikin sabulun ya ƙare, don haka ba katalis ba ne. A wajen yin dizal kuwa, fitowar sabulu alama ce ta lalacewar aiki, kuma hakan yana faruwa ne idan akwai ruwa a cikin man ko kuma man ya yi tsami. Man darbejiya da na cin-da-zugu sukan zo da tsami mai yawa, saboda haka sai an fara rage shi da asid kafin a zuba soda.

Masu bincike a ƙasashe da dama sun gwada maye gurbin soda da katalis mai tauri wanda za a iya tacewa a sake amfani da shi. Daga ciki akwai ɓawon ƙwai da aka gasa a zafin digiri 800 zuwa 900, da tokar ragowar amfanin gona mai yawan fotash. Wannan ya dace da Tsafe da Bunguɗu, inda ɓawon gyaɗa da totuwar masara da karan auduga suke da yawa bayan kaka. Wajen zaɓen mai kuwa, bai kamata a taɓa man gyaɗa ba, domin abinci ne kuma ya fi dizal daraja a kasuwa. Angurya da 'ya'yan darbejiya da cin-da-zugu da man suya da ya gama aiki su ne suka fi dacewa.

Bukatar irin wannan mai ta ƙara fitowa fili bayan da gwamnatin Zamfara ta hana sayar da mai a jarka a 2021 saboda matsalar tsaro, da kuma bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, abubuwan da suka taɓa masu injin niƙa da masu ban-ruwa a fadamun gulbin Sakkwato. Nijeriya tana da manufar man tsirrai tun 2007. Abin da yake tarnaƙi shi ne metanol sai an sayo shi daga nesa, kuma guba ne mai makantarwa, don haka aikin ya fi dacewa da ƙungiyar manoma mai horarren ma'aikaci a kan a yi shi a tsakar gida. Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, su ne wuraren da suka fi kusa da za a iya auna ingancin man kafin a zuba shi a inji.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an bayyana cewa katalis abu ne mai hanzarta aikin sinadarai ba tare da ya ƙare ba. An nuna yadda tukunyar salansa take kawar da gubobi uku na hayaƙin fetur, da sharuɗɗan aikinta, da yadda dalma da farar wuta da rashin kulawa da inji suke kashe ta, da kuma yadda tsadar ƙarafanta ta mayar da ita hajar sayarwa. An kuma nuna yadda ake mayar da man tsirrai dizal, da irin kayan da yankin yake da su. Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa mataki mafi sauƙi ga Gusau da Tsafe da Bunguɗu shi ne kare tukwanen da suka riga suka shigo a jikin motoci, ta hanyar wayar da kan ƙungiyoyin kanikawa da direbobi da kuma auna hayaƙi wajen sabunta takardu. Babi na huɗu zai dubi hayaƙin baburan haya da ƙananan janaretoci, waɗanda yawancinsu tun daga kamfani ba su zo da tukunyar ba.